Gaɓar Tekun Honduras: Idan Baƙo Ya Zo Hutu, Ina Mai Gida Zai Kwana?

Bahaushe na cewa baƙo raɓa ne, wato komai daɗin zamansa, da zarar hantsi ya dubi ludayi zai kama gabansa. Wannan magana ta dace da baƙon da ya sauka da jakarsa da sandarsa. To amma akwai wani baƙon na zamani wanda yake sauka da taswira da lauya da wasiƙar minista, ya ce ya zo ne ya gina wurin shaƙatawa domin masu yawon buɗe ido, kafin a ankara sai raɓa ta zama ambaliya, mai gida ya koma leƙen gonar kakansa ta saman katanga. Abin da ya daɗe yana faruwa ke nan a gaɓar tekun arewacin Honduras, ɗaya daga cikin ƙasashe mafiya talauci a yankin tsakiyar nahiyar Amurka, kuma a kansa nake son in yi tsokaci a wannan mako. Na zaɓi wannan ƙasa ne domin rikicin nata ya bi ta kotuna har ya kai ƙarshen shari'a, an rubuta hukunce-hukunce, saboda haka mai karatu zai iya ganin yadda ake raba talaka da ƙasarsa mataki bayan mataki, ba tare da an dogara da jita-jita ba.

Mutanen da abin ya fi shafa su ne al'ummar Garifuna, baƙar fata masu tushen Afirka da suka cuɗanya da 'yan asalin tsibirin St. Vincent a tekun Karebiyan. Sun daɗe suna gwabzawa da Turawan Ingila a kan wannan tsibiri, har aka kashe jagoransu Joseph Chatoyer a 1795. Bayan an ci su da yaƙi sai aka tsare su a wani ɗan tsibiri mai suna Baliceaux, inda cuta da yunwa suka kashe kusan rabinsu, sa'an nan a ranar 12 ga Afrilu, 1797, aka jibge sauran, mutum 2,000 da 'yan kai, a tsibirin Roatan. Daga nan suka tsallaka zuwa Trujillo, suka bazu a bakin teku suka kafa garuruwa sama da 40. Ashe ke nan sun riga ƙasar Honduras kanta zama a wurin, tunda sai a 1821 yankin ya fita daga hannun Sifaniya. Maza na fita kamun kifi a kwalekwale, mata na noman rogo suna yin wata irin gurasa da shi, ga kwakwa, ga dajin da ake samun itace da magani. A 2001 hukumar UNESCO ta sanya harshensu da kiɗansu da rawarsu cikin kayan gadon ɗan Adam da ya wajaba a adana. Ƙasa a wurinsu ta gari ce baki ɗaya: kowa na da inda yake nomawa, amma babu mai ikon ya yanki wani ɓangare ya sayar wa bare.

Shekara da shekaru babu wanda ya damu da wannan rairayi, domin idon masu kuɗi yana kan ayaba. A farkon ƙarni na 20 kamfanonin Amurka suka mallake filayen noma na arewacin ƙasar, har wani ɗan kasuwar ayaba mai suna Samuel Zemurray ya ɗauki nauyin sojojin haya a 1911 suka mayar da Manuel Bonilla kan mulki, shi kuma ya saka masa da filaye da sassaucin haraji. Daga Honduras ne ma aka samo laƙabin nan na raini, wato jamhuriyar ayaba, wanda ake yi wa duk ƙasar da kamfani ya fi gwamnatinta ƙarfi. Da kasuwar ayaba ta ja baya, yawon buɗe ido ya zama sabuwar amarya, sai aka waiga aka ga cewa farin rairayin da ya fi kowane kyau, wanda Bature zai biya dala ya kwanta a kansa, yana ƙarƙashin bukkokin Garifuna ne. Daga ranar talaucin wurin ya zama laifin mazaunansa, aka fara kiran gonakinsu da sunan filin da ba a amfani da shi.

Abin lura shi ne tsarin mulkin Honduras na 1982 ya yi tanadi mai ƙarfi. Sashe na 107 ya haramta wa duk wanda ba haifaffen ƙasar ba ya mallaki fili a cikin tazarar kilomita 40 daga bakin teku ko kan iyaka, haka ma a tsibirai. Sai dai an bar wata 'yar kafa a ƙarshen sashen, cewa filayen cikin birni za a yi masu doka ta daban. Ta wannan kafa aka shigo. A 1990 majalisa ta zartar da doka mai lamba 90-90, wadda ta ba baƙi damar sayen filin birni a bakin teku, ta kuma buɗe hanyar ɗaukar wuraren da aka ware wa yawon buɗe ido a matsayin birni. Shekara guda kafin haka, a 1989, an riga an faɗaɗa iyakar birnin Tela a kan takarda, har ta haɗiye wani ɓangare na ƙasar garin Garifuna mai suna Triunfo de la Cruz. Babu wanda ya tashi daga gidansa, babu bulon da aka aza, amma mutanen da suka kwana a ƙauyensu sun wayi gari a cikin birni, gonakinsu kuma sun zama kadarar ƙaramar hukuma. Bayan guguwar Mitch ta ɗaiɗaita ƙasar a 1998, an yi yunƙurin sauya sashe na 107 ɗin kacokan da sunan farfaɗo da tattalin arziki, sai da zanga-zangar Garifuna da sauran 'yan asalin ƙasar ta sa aka janye a 1999.

Ƙaramar hukumar Tela ba ta ɓata lokaci ba. Tsakanin 1993 da 1995 ta sayar da kimanin hekta 44 na ƙasar da mutanen Triunfo de la Cruz ke ɗauka tasu ce, domin gina wani rukunin gidajen shaƙatawa mai suna Marbella. A 1997 kuma ta yanki wani filin ta ba ƙungiyar ma'aikatanta. Mutanen gari suka kafa kwamitin kare ƙasa, kuma abin da ya sami ɗaya daga cikin shugabanninsa, Alfredo López Álvarez, ya isa ya nuna irin tsadar da ke cikin cewa a'a. A watan Afrilun 1997 aka kama shi bisa zargin fataucin hodar ibilis. Gwaji na biyu da aka yi wa garin da aka ce an samu ya nuna ba hodar ba ce, amma duk da haka ya ci gaba da zama a kurkuku har watan Agustan 2003, shekara shida da wata huɗu ke nan, a can kuma shugaban gidan yarin ya hana shi magana da harshen Garifuna. A 2006 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Nahiyar Amurka, mai zama a San José ta ƙasar Kosta Rika, ta sami gwamnatin Honduras da laifin tauye masa haƙƙi. A watan Janairun 2010 kuma aka banka wa gidan rediyon garin wuta.

A ɗaya gefen birnin na Tela aka gina katafaren wurin shaƙatawa na Indura, mai filin wasan golf na ramuka 18 wanda fitaccen ɗan wasan Afirka ta Kudu Gary Player ya zana, aka kuma shigar da otal ɗin cikin jerin na kamfanin Hilton a 2016. Gwamnati da attajiran ƙasar ne suka haɗa jari, rancen bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya taimaka wajen shimfiɗa ababen more rayuwa, baƙin da ake hari kuwa daga waje suke. An gina shi ne a gefen gandun dajin da aka sanya wa sunan Jeannette Kawas, matar da aka harbe a gidanta a watan Fabrairun 1995 saboda kare wannan daji. Sai ga shi dokar gandun da ke taƙaita wa masunci inda zai jefa komarsa ba ta hana a cike fadama a shuka ciyawar golf ba. Maƙwabtan wurin, mutanen ƙauyen Barra Vieja, sun ga 'yan sanda da sojoji a 2014 sun zo sun fitar masu da kaya waje, a kan cewa filin na hukumar tashoshin jiragen ruwa ne. A 2015 aka gurfanar da mutum 66 daga cikinsu bisa tuhumar mamaye fili, kotu ta wanke su. Jama'a, a duba wannan lamari da kyau: mutumin da aka binne kakanninsa a wuri shi ne ya tsaya gaban alƙali yana rantsuwa cewa bai ci iyakar kowa ba.

A Trujillo kuwa, inda Garifuna suka fara sauka, masu zuba jari 'yan Kanada ne suka shigo. An tashi wani sashe na unguwar Río Negro aka gina tashar manyan jiragen ruwan yawon shaƙatawa, aka raɗa mata suna Banana Coast, wato gaɓar ayaba, kamar dai ana yi wa tarihi gwalo, ta fara karɓar jirage a 2014. Tuddan da ke kallon teku kuma aka yanka su fuloti-fuloti ana tallata wa 'yan fanshon Kanada masu gudun sanyi. Al'ummomin wurin, waɗanda ke riƙe da takardun mallaka na gari da suka haura shekara 100, sun kai ƙara cewa an sayi filayen ne daga hannun mutanen da ba su da ikon sayarwa. A 2024 hukumomin ƙasar suka riƙe fuloti sama da 200 a yankin bisa zargin cewa su ma masu sayen 'yan Kanada an damfare su. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma wanda ya sayi filin da ake rikici a kansa ya sayi rikicin har da riba.

Mutanen Triunfo de la Cruz sun bi hanyar da ake cewa masu hankali su bi. Ta hannun ƙungiyarsu OFRANEH, wadda Miriam Miranda ta daɗe tana jagoranta, sun shigar da ƙorafi a 2003, aka yi shekara 12 ana jan shari'a. A ranar 8 ga Oktoba, 2015, kotun ta San José ta yanke hukunci cewa Honduras ta tauye masu haƙƙin mallakar ƙasa ta gari, ta kuma kasa tuntuɓarsu kafin ayyukan yawon buɗe ido da kafa gandun daji, alhali tun 1995 ta amince da yarjejeniya ta 169 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya wadda ta wajabta wannan tuntuɓa. Kotu ta ba da umarnin a shata masu iyaka a ba su takarda cikin shekara biyu, a kafa asusun raya gari na dala miliyan 1.5, a kuma binciki kisan mutanensu huɗu. A rana guda ta yanke irin wannan hukunci ga garin Punta Piedra, a 2023 kuma ga garin San Juan. To me ya biyo baya? Da asubahin ranar 18 ga Yuli, 2020, ana tsakiyar dokar hana fita ta annobar korona, wasu mutane ɗauke da makamai sanye da kayan 'yan sandan bincike suka shiga Triunfo de la Cruz gida-gida, suka tafi da shugaban majalisar garin, Alberth Sneider Centeno, da wasu matasa. Shekaru sun shuɗe ba a ji ɗuriyarsu ba. A watan Afrilun 2024, fiye da shekara takwas bayan hukuncin, sai da Garifuna suka yi tattaki zuwa babban birni Tegucigalpa suna roƙon a aiwatar da abin da kotu ta riga ta ba su.

Yanzu sai mai karatu ya ajiye wannan a hannun dama, ya ɗauki wani a hannun hagu. A 2013 majalisar Honduras ta yi dokar kafa wasu yankuna na musamman da kamfani zai gudanar da dokokinsa da harajinsa. A ƙarƙashinta wani kamfanin Amurka ya kafa Próspera a tsibirin Roatan, daura da ƙauyen masunta na Crawfish Rock, waɗanda baƙar fata ne masu magana da Ingilishi, kuma suka yi ta kukan cewa ba a fayyace masu abin da ake ginawa a ƙofar gidansu ba. Da gwamnatin Xiomara Castro ta soke dokar a watan Afrilun 2022, kafin shekarar ta ƙare kamfanin ya garzaya cibiyar sasanta rikicin masu zuba jari da ke ƙarƙashin Bankin Duniya a Washington, ya nemi diyyar kusan dala biliyan 11, kuɗin da ya kai kimanin kashi biyu cikin uku na kasafin ƙasar na shekara. A 2024 Kotun Ƙolin Honduras ta ce dokar yankunan ta saɓa wa tsarin mulki. Abin da nake son a gani shi ne bambancin nauyin kotunan biyu. Hukuncin da mai jari zai samu ana iya bin kadarar ƙasa da shi har ƙasashen waje, yana kuma taɓa darajarta a idon masu ba da bashi, shi ya sa ministan kuɗi ba ya barci a kansa. Hukuncin da masunci ya samu kuwa ba shi da ɗan sanda, ba shi da mai karɓar bashi, sai kunyar gwamnati kawai, ita kuwa kunya ba kowace gwamnati ke da ita ba.

Na san abin da masu goyon bayan irin waɗannan ayyuka za su ce, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Honduras ƙasa ce ta mutum sama da miliyan 10 wadda fiye da rabin jama'arta ke cikin talauci, kuɗin da 'yan ci-rani ke aikowa gida ya kai kusan rubu'in tattalin arzikinta, matasan Garifuna kansu sun cika unguwar Bronx ta birnin New York saboda kamun kifi ya daina riƙe gida. Wace gwamnati ce za ta kori mai son gina otal a irin wannan hali? Ni ma ban ce a kore shi ba. Rairayi da rana arziki ne kamar man fetur, kuma ƙasar da ba ta da jari dole ta nemi mai shi. Amma a yi lissafin da gaskiya. Filin golf na cin hekta masu yawa da ruwa mai yawa, ma'aikatan da yake ɗauka kaɗan ne. Fasinjan jirgin shaƙatawa a cikin jirgi yake kwana, a ciki yake cin abinci, ya sauko na 'yan sa'o'i ya sayi abin wuya ya koma. Aikin da ke isa ga ɗan gari yawanci shara ce da gadi da wanki, sai kuma rawar gargajiya da yamma domin nishaɗin baƙi, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Albashin mai gadi na ƙarewa ranar da otal ya rufe ko ya canja hannu, alhali gona da bakin ruwa sun ciyar da zuriya bakwai kuma da za su ciyar da ta takwas. Wanda ya karɓe maka abin da ake gada ya ba ka abin da ake kora a kansa, bai yi maka ciniki ba.

Haka kuma zalunci ne a ɗora wa baƙo laifin duka. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɗan Kanada bai san hanyar ofishin rajistar filaye ba sai da ɗan ƙasa ya kama hannunsa. Wanda ya ja layin da ya mayar da ƙauye birni ma'aikacin gwamnati ne, wanda ya buga hatimi a kan cinikin da ya san haramtacce ne lauya ne ɗan ƙasa, wanda ya sa hannu a takardar kama mai kare ƙasa alƙali ne ɗan ƙasa. A cikin su Garifuna ma an sami waɗanda talauci ko kwaɗayi ya sa suka sayar da abin da ba nasu su kaɗai ba, an kuma sha zargin hukumomi da ɗaure wa shugabannin jabu gindi domin a sami mai sa hannu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dokar mallakar ƙasa ta 2004, wadda wani shirin Bankin Duniya ya tallafa wa aiwatar da ita, ta ƙara faɗaɗa tsagar, domin ta buɗe ƙofar wargaza mallakar gari zuwa ta ɗaiɗaiku. OFRANEH ta kai kuka ga kwamitin binciken bankin a 2006, kuma rahotonsa na 2007 ya gaskata wani ɓangare na kukan. Hikimar a fili take. Gari guda mai takarda guda yana da wuyar saye, amma magidanta 500 masu takardu 500, kowa da ranar da ɗansa zai kwanta asibiti, ana iya tsince su ɗaya bayan ɗaya.

A ganina akwai sharuɗɗan da idan babu su, duk wani aikin shaƙatawa a ƙasar talakawa ƙwace ne da aka yi wa kwalliya. Na farko, a shata iyakar ƙasar gari a rubuta ta kafin a gayyaci mai jari, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma duk iyakar da za a shata bayan an san farashin fili to mai kuɗi ne zai riƙe igiyar awo. Na biyu, tuntuɓar jama'a ta zama wadda suke da ikon cewa ba su yarda ba, a harshensu, a gaban kowa, tunda taron da aka kira bayan an gama sa hannu sanarwa ce kawai. Na uku, ƙasa ta ci gaba da zama ta gari, a ba da hayarta na ƙayyadadden lokaci da kaso a cikin riba, yadda idan kamfani ya karye fili zai koma ga masu shi maimakon ya faɗa hannun banki. Na huɗu, a buga kowace yarjejeniya a fili, da sunayen ainihin masu kamfanin, domin a nan ne ake gane ko minista ya sayar wa kansa ne ta bayan gida. Na biyar, hanyar zuwa bakin ruwa da maƙabarta da wuraren ibada kada a taɓa toshe su. Mai jarin kirki ba zai guji waɗannan ba, hasali ma su ne za su kare dukiyarsa daga shari'ar shekara 20. Wanda ya guje su kuwa ya nuna abin da ya kawo shi.

Wani zai ce ina ruwanmu da Honduras. Ruwanmu shi ne makamin da aka yi amfani da shi a can muna da irinsa a rataye. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa duk filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta ba shi ikon ayyana inda ya ga dama a matsayin birni, da ikon soke mallaka saboda abin da ake kira maslahar jama'a, diyya kuma a kan gini da amfanin gona ake biya, ƙasar kanta ba a saka mata farashi. A watan Yulin 1990 an rushe Maroko a Legas, aka watsa mutum kimanin 300,000, wurin ya zama unguwar masu hannu da shuni. Tsakanin 2016 da 2017 an kori masuntan Otodo Gbame, babbar kotun jihar ta ce korar ta saɓa wa tsarin mulki, amma ihu bayan hari ne. Gbagyi da sauran 'yan asalin Abuja kuwa tun 1976 suke bin bashin matsuguni da diyya. Mu a Arewa ba mu da teku, amma muna da fadamu da bakin madatsun ruwa da gonakin da ke kewaye da biranenmu, waɗanda akasarin masu su ba su da wata takarda sai shaidar mai unguwa da kushewar iyaye.

Saboda haka wannan magana tamu ce, mu da muka yi boko. Manomi ba ya zana taswira, masunci ba ya rubuta yarjejeniya. Safiyo da lauya da darakta a ma'aikatar filaye da mai ba gwamna shawara, waɗannan su ne masu karanta wannan shafi, kuma ta teburinsu kowace irin wannan takarda ke bi. Duk wanda aka kawo wa fayil aka ce wancan fili babu kowa a cikinsa, to ya tashi ya je ya gani da idonsa kafin ya sa hannu, ya tambayi wa ke noma shi, wa ke kiwo a cikinsa, su wa aka binne a gefensa. Mutanen Triunfo de la Cruz sun yi nasara a kotu mafi girma a nahiyarsu, amma layin da wani ma'aikaci ya ja a 1989 ya fi hukuncin alƙalan ƙarfi, domin gyaran ɓarna ya fi yin ta wuya. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Allah Ya ba mu shugabanni masu tsoron haƙƙin talaka, Ya kuma tsare hannuwanmu daga sa hannun da zai raba wani da ƙasar kakanninsa, amin.